Sawu a Cikin Kalanzir

Wanda ya kashe Malam Garba kuku yana cikin waɗanda suka sallaci gawarsa. A sahun gaba ya tsaya, ya bi makara har maƙabarta, ya zuba ƙasa da hannunsa. Daga nan ya koma gida ya ci abinci, ya bar wani talaka a tsare a kan laifin da ya san ba shi ya yi ba. Kisan bai ɗauke shi minti goma ba. Shirun da ya yi kuwa, kowace safiya sai ya sake yin sa, har kwana goma sha ɗaya. Allah ne ya san wanda ya fi nauyi a cikin biyun.

A Nassarawa GRA akwai wani tsohon gida mai faɗi, mai itatuwan mangwaro da maɗaci da suka girme duk wanda ke cikinsa. Mai gidan Alhaji Sadiƙ ne, ɗan kasuwa mai motocin dakon kaya. Iyalinsa suna Abuja, shi yake zuwa yana komawa. A can ƙarshen gidan, jikin katanga, akwai ɗaki guda da Malam Garba ke zaune. Tsoho ne Bakatsine, ya haura saba'in da biyar. Ya yi wa masu gidan na farko girki shekara arba'in, da magada suka sayar da gidan suka kafa sharaɗin a bar shi a ɗakinsa.

Ranar wata Juma'a ta bazara, bayan la'asar, ya zuba kalanzir a rishonsa zai dafa shayi. Ya ƙyasta ashana. Ƙarar da ta tashi sai da jemagun da ke rataye a maɗaci suka watse da sauran rana, suka yi ta kewaya unguwar suna kuka. An fito da shi da rai, amma bai kai magariba ba. Takalmansa da butarsa suna bakin ƙofa a jere, wuta ba ta taɓa su ba.

Unguwa ce da mutum ke shekara bai ga fuskar maƙwabcinsa ba, amma zargi ya fi ɓarawo iya haura katanga. Kafin a yi sadakar uku kowa ya yanke hukunci: Jibrin mai gadi ne. Shi ya sayo kalanzir ɗin ranar Alhamis. Shi ke da babur, wato yana da fetur a hannu. Kuma Alhaji da kansa ya shaida wa 'yan sanda ya sha jin sa yana ce wa tsohon, "Wata rana sai na babbake ka." Aka tafi da Jibrin, aka ce kotu za a kai shi da tuhumar kisa.

*

Gida uku tsakani akwai wani mai ban ruwan fulawa, Malam Zubairu, mutumin Maigatari. Kafin ya zo birni bin sawu ne sana'arsa. A sace raƙumi ko saniya a kira shi, ya bi har ya tsaya a ƙofar ɓarawo. Yakan dubi sawu ya faɗa maka ko mai shi yana ɗauke da kaya, ko yana tafe yana waiwaye. Wurinsa Mairo matar Jibrin ta zo tun daga Tudun Murtala, ta durƙusa kusa da famfo.

"Baba, an ce ƙasa ba ta ɓoye maka komai."

"Wace ƙasar?" Ya buga ƙafa a kan intalok ɗin da aka shimfiɗa wa tsakar gidan. "Sun toshe mata baki da siminti."

"To shi ke nan, su kashe min shi?"

"Ya faɗi maganar da aka ce ya faɗa?"

"Kullum ma. Shi Bahaɗeje, tsoho Bakatsine. Tsoho ya ce masa bawana maci kifi, shi kuma ya ce sai ya babbake shi kamar kan rago. Su gama su zauna su sha shayi a kofi ɗaya. Baba, wane Bahaushe ne bai san wasan nan ba?"

Zubairu ya kashe famfo. "Wanda bai sani ba daban, wanda ya ga dama ya manta daban. Tashi ki koma wurin 'ya'yanki."

*

Kwana uku da gobarar Alhaji ya sa a nemo masu kwashe toka da tarkace. Zubairu ya ɗauki shebur ya shiga cikinsu.

Gidan shiru yake, irin shirun da ke sa mutum rage murya ba tare da an ce masa ba. Sai can ka ji nunannen mangwaro ya faɗo, tim, kowa ya waiga. Bayan ɗakin, a gindin bishiya, ya ga inda tsohon ke ajiye galan ɗin kalanzir saboda zafin ɗaki. 'Yan sanda sun ɗauke galan ɗin, masu kashe wuta kuma sun tattake ɗan yashin da ke wurin. Babu abin karantawa. Ya zauna a kan dutse yana kallon ƙasa, domin shi ne kawai abin da ya iya.

Tururuwa sun yi layi zuwa wani fasasshen mangwaro. Layin ya miƙe sambal a kan intalok, sai a wani wuri ya lanƙwasa ya zagaye, sannan ya sake miƙewa. A wurin da suka zagaye babu komai. Ba dutse, ba rami, ba tabo. Zubairu ya durƙusa ya shinshina, bai ji komai ba.

Ya tattara ruɓaɓɓun mangwaro ya yi ta gogawa a kan siminti, daga gindin bishiyar ya nufi bakin gate inda Jibrin ke ajiye babur, sannan ya dawo ya nufi ɓangaren gareji. Ya koma kwasar toka. Bayan azahar ya dawo. Ta wajen gate tururuwa sun rufe komai baƙi ƙirin. Ta wajen gareji kuwa akwai gurabe fili, kowanne kamar faɗin tafin hannu, waɗanda ko ɗaya ba ta taka ba. Ya ƙirga tara, taku ɗaya da rabi tsakaninsu, kamar wani abu marar jiki ya wuce ya bar sawu.

Wani abu ne ya ɗiɗɗiga a nan daga hannun mai tafiya. Kuma mai tafiyar ba ya sauri. Bai ji tsoron a gan shi ba.

Abin da ya tsaya wa Zubairu a rai shi ne, fetur a wannan zafin ba ya wuni a ƙasa. Mene ne ya rage har kwana uku da tururuwa ke gudu? Ya sa tsinke ya kankaro yashin da ke tsakanin bulo ya zuba a 'yar kwalba.

"Tsoho, aiki aka kira ka ko wasa da tururuwa?"

Alhaji Sadiƙ ne tsaye a baranda da carbi a hannu.

"Alhaji, ai su ma ma'aikata ne. Gaisawa muke."

Alhaji bai yi dariya ba. Gurbin ƙarshe yana tsakanin ƙofofin gareji biyu. Ɗaya a buɗe take, motoci uku a ciki, Bashir direba yana wanke ɗaya. Ɗaya kuma a garƙame da kwaɗo. Da Zubairu ya yi masa sallama, soso ya suɓuce daga hannun Bashir.

*

Washegari ya tafi Giginyu wurin Nura mai kalanzir, wanda Jibrin ya saya a hannunsa. Nura bai bari ya gama tambaya ba.

"Malam, kai ne na biyar da ya zo min da tambayar nan. Wallahi da kalanzir ɗina ne da rabin Giginyu ta tashi. Duro ɗaya na buɗe ranar Laraba, gida ya fi sittin da suka ɗiba. Wa ka ji ya ƙone?" Ya tsiyaya kaɗan a murfin gwangwani, ya ƙyasta ashana ya jefa. Ashanar ta mutu a ciki. "Ka gani? Kalanzir na gaskiya ba ya kamawa sai da lagwani. Wanda aka haɗa da fetur tun kafin wuta ta iso yake tarbar ta."

"Jibrin ya ce wani abu da ya zo?"

"Cewa ya yi in cika, na tsohon nan na gidansu ne, idan ya rage yatsa ɗaya zai sha zagi har Katsina. Wanda zai kashe mutum ne zai tsaya yi masa ciniki?"

Zubairu ya roƙi kaɗan daga duron, Nura ya cika masa kwalba.

Daga nan ya je wurin limamin masallacin unguwar, Liman kuma ya je wurin Sufeton da ke riƙe da shari'ar. Sufeton gajiyayyen mutum ne, amma ba azzalumi ba. Ya yarda a gwada abin da ya rage a galan ɗin da kuma man babur ɗin Jibrin, muddin masana ne za su gwada.

*

'Yar mai gidan da Zubairu ke yi wa aiki, Dakta Hafsatu, malamar ilimin sinadarai ce a jami'a, kuma aikinta ke nan, tantance abin da ke cikin mai. Tun tana rarrafe ya san ta. Ta ɗauke shi a motarta zuwa ɗakin gwajinsu.

Ɗaki ne marar taga, mai sanyi kamar randa. Ba kowa a ciki, amma akwatunan ƙarfe suna ta numfashi a hankali, wani hannun ƙarfe yana ɗaga allura yana saukewa shi kaɗai. Zubairu ya yi bisimilla kafin ya shiga, ya zauna a bakin kujera.

"Baba, wannan na'urar ita ce ta iska," in ji ta. "A cikinta akwai bututu siriri kamar gashin doki, tsawonsa mita talatin, a nannaɗe cikin murhu. Ɗigo ɗaya na mai za mu sa, ya zama tururi, iska ta kora shi. Mai ba abu ɗaya ba ne, ɗaruruwan abubuwa ne a cakuɗe. Marasa nauyi su riga fitowa, masu nauyi su biyo baya. Duk wanda ya fito sai ya zana tsini a allon nan."

Suka jira kusan sa'a guda. Zane ya fito.

"Akwai fetur a galan ɗin, kusan kashi ɗaya cikin uku. A na Nura babu. Bayan an saya aka zuba."

"Na wa ne?"

Ta ɗora zanen man babur ɗin Jibrin a kan na galan. Farkonsu ya yi kama. 

"Idan na tsaya a nan na rubuta, Baba, da hannuna na rataye shi. Amma fetur ɗin garin nan duk haka farkonsa yake. Bambancin yana can ƙarshe, wajen masu nauyi, kuma daidai nan kalanzir ya zauna a kai. Duba."

Ya duba. Tsinaye ne ɗaruruwa sun hau kan juna sun zama tudu ɗaya. Ya daɗe yana kallo.

"Mashaya ce wannan," in ji shi. "Inda garke goma suka sha ruwa da safe ɗaya. Wawa ne ke neman sawun saniyarsa a mashaya. Ni warewa nake fara yi. Raƙuma gefe, shanu gefe, awaki gefe. Sannan in bi kowane garke shi kaɗai har ya miƙe layi."

Ta yi murmushi, ta nuna wata na'urar a ɗaya kusurwar, mai kwalabe a kanta. "Ka riga ni faɗa. Waccan ita ce ta ruwa. Ita ba ta iya ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, amma ta iya raba dangi. Ruwa ne ke tura man ta cikin bututu cike da gari mai laushi. Wani dangin ya wuce bai tsaya ba, wani ya ɗan manne, wani ya daɗe. Kalanzir yawancinsa dangin farko ne, sai ya wuce ya ba mu wuri. In na haɗa bakin waccan da bakin wannan, kowane dangi zai shiga ta iska shi kaɗai. Kowacce ita kaɗai rabin ido ce. Sai dai aikin kwana biyu ne."

"Jibrin ya yi biyar a can. Fara."

Ranar Juma'a ta sake kawo shi. Dangin farko, ba wani abu. Na biyu, ba wani abu. Da ta buɗe na uku sai ga fili fetal, 'yan tsinaye ƙanana jefi-jefi, a tsakiya kuma ɗaya ya tashi zanƙal har ya kusa fita daga allon, kamar giginya ita kaɗai a saura.

"Da can yana nan, tudun ne ya binne shi," in ji ta. "Kowane mai yana da ɗan kaɗan na wannan, ga na Nura, ga na Jibrin, da ƙyar ake ganinsu. Na galan ya ninka su fiye da sau ashirin. A yashin da ka kawo kuma fetur ya gudu, shi ne ya zauna."

"Mene ne shi?"

"Kafur."

Zubairu ya ɗago kai. "Na wankan gawa?"

"Irin ƙwayoyin nan farare da ake sawa a akwatin tufafi don kyankyasai. Wani ya narkar da su a cikin fetur ɗinsa."

"Shi ya sa tururuwa," in ji Zubairu a hankali.

*

A bakin titi ya tare Bashir direba, ƙarƙashin wata darbejiya. Ya buɗe tafin hannunsa, ƙwayar kafur guda a ciki.

"Ɗana, kai ka san mota. Me zai kai wannan cikin fetur?"

Bashir ya fashe da dariya. "Ai wannan dabarar tsofaffin 'yan tasi ce, Baba. Wai su jefa biyar a tanki, mai ya yi auki, mota ta ƙara ja a hawa. Tatsuniya ce. Ba abin da yake yi sai toshe hanyar mai. Na sha faɗa wa..."

Ya tsaya. Dariyar ta bushe a fuskarsa.

"Wa ka sha faɗa wa?"

"Baba, 'ya'yana huɗu."

"Jibrin biyar gare shi."

Bashir ya dubi katangar gidan, ya dubi ƙasa, ya juya ya tafi. Zubairu bai bi shi ba. Ya san dabbar da aka matsa wa ba ta komawa gida, zagaye take yi.

Da Sufeto ya ga takardar Dakta, ya sa aka ɗebi mai daga motoci ukun da ke buɗaɗɗen gareji. Sai da aka kira makanike ya kwance ta ƙasa, domin motocin zamani bakin tankinsu ba ya karɓar tiyo. Aka gwada. Ba kafur a ko ɗaya.

*

Ranar Talata da hantsi Sufeto ya tara su a gaban garejin: Alhaji Sadiƙ, Bashir, Nura, Liman, Dakta Hafsatu, da Jibrin da ankwa a hannu. Ya rame, idonsa yana kan baƙin gurbin da ɗakin tsohon yake a da. An share wurin tas, har an kafa turaku an ja igiya.

"Malam Zubairu, bismilla," in ji Sufeto.

"Ni ba na zargi, sawu nake bi," in ji Zubairu. "Kalanzir ya bar hannun Nura lafiya. Ya kwana a gindin mangwaron can. Ranar Juma'a Malam Garba ya tafi masallaci tun sha biyu, kamar yadda ya saba, domin ƙafarsa ba ta sauri. Jibrin da Bashir suka bi bayansa. A wannan tsakanin wani ya ɗauko fetur ya zuba a galan. Ba daga gate ya taho ba. Daga nan ya taho, inda nake tsaye. Fetur ɗin kuma akwai kafur a ciki. Dakta ta gani, tururuwa sun shaida. Babur ɗin Jibrin babu. Motocin nan uku babu."

"To an gama ke nan," in ji Alhaji. "Ba daga gidana yake ba."

"Sawun bai fita gidan ba, Alhaji."

Alhaji ya ja carbi sau biyu. Sai ya juya ya nuna Bashir da baki. "In daga gareji ne, ai ga mai gareji nan. Ni ina ruwana da tiyo da galan? Dama yaron nan na daɗe ban yarda da shi ba. Sufeto, ka bincike shi."

Ga halin azzalumi. In rami ɗaya bai ishe shi ba, sai ya tura wani talakan a na biyu, bai ko duba fuskarsa ba. Shekara tara Bashir yana buɗe masa ƙofar mota.

"Ni, Alhaji?" in ji Bashir. "Ni da na rufe bakina saboda kai?" Ya juya wurin Sufeto. "Ranka ya daɗe, akwai mota ta huɗu. Tana cikin wancan. Tasin da ya fara sana'a da ita ce, tsohuwar Fijo. Ba mai taɓa ta sai shi. Duk Juma'a in mun tafi masallaci yake tayar da ita ta ɗan yi zafi. Ni nake sayo masa kafur ɗin. Na ce masa ba ya ƙara komai, ya ce shi da ya yi Kano zuwa Legas shekara goma sha biyu ba yaro ne zai koya masa mai ba."

"Mabuɗi, Alhaji," in ji Sufeto.

"Ya ɓata."

"To a kawo guduma."

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya fito da shi.

Ƙofar ta buɗe da kuka. Ciki duhu ne, ba taga. Motar tana tsakiya, an lulluɓe ta da farin ƙyalle tun daga gaba har baya, an ɗaure ƙasan da igiya. Ba wanda ya yi gaggawar shiga. Sufeto ne ya ɗage gefen ƙyallen ya murɗe murfin tanki. Warin da ya fito ya cika ɗakin, fetur ne a sama, a ƙarƙashinsa kuma wani sanyin ƙamshi da duk wanda ya taɓa rasa wani ya sani. Liman, wanda ya wanke gawa ta fi ɗari, ya ja da baya yana salati.

Tiyo yana rataye a ƙusa. A aljihun ƙofar direba akwai ledar kafur, saura uku a ciki.

"Alhaji," in ji Liman, "sau biyu kana zuwa wurina a kan ɗakin nan. A gabana ka yi wa magada rantsuwa ba za ka tashi tsohon ba, ba za ka rushe ɗakinsa ba. Ka zo ka ce kana son jera shaguna a jikin katangar, ko kaffara za ta warware. Na ce maka alkawarin da ya rataya a kan haƙƙin wani ba ya warwaruwa da ciyar da mutum goma. Ranar Juma'ar gobarar kuma sai da na sauko daga mumbari na ga ka shigo."

Alhaji ya zauna a kan dakalin gareji. Hularsa ta karkace bai gyara ba.

"Ban rushe ba," in ji shi. "Ban tashe shi ba. Rantsuwata tana nan. Cewa na yi in wuta ta ci ɗakin, ai ƙaddara ce, sai in kama masa haya a Gawuna. Ɗakin kawai na nufa. Na ɗauka zai ga wuta ya fito da gudu."

"Mutumin da ke salla a zaune ne zai fito da gudu?" in ji Zubairu.



Wannan ita ce cutar da ta kama da yawa daga masu hannu da shuni. Suna jin tsoron karya lafazin rantsuwa, amma ba sa jin tsoron Wanda suka rantse da shi. Mutum ya zauna ya auna yadda zai yi wa Allah wayo, ya kiyaye harshensa, ya saki hannunsa. Kuma dabarar da ya yi shekaru yana taƙama da ita a gaban yaransa, ita ce ta bi shi daga tanki har galan.

Sufeto ya cire ankwar daga hannun Jibrin. Jibrin ya wuce ta gaban Alhaji. Ya taka zuwa inda aka ja igiya, ya tsallake ta, ya tsaya a tsakiyar gurbin.

"Tsohon banza," in ji shi, hawaye suna zuba. "Bakatsinen banza. Wa ya ce ka tafi ba ka sallami ubangidanka ba?"

Dakta Hafsatu ta gwada man tsohuwar motar ta hanyar nan guda, ta ruwa sannan ta iska. Zanensa ya hau kan na galan tsini bisa tsini. Ta je kotu ta yi bayani, Zubairu ya yi nasa, Bashir da Liman suka ba da shaida. Lauyoyi uku Alhaji ya ɗauka, aka yi wata goma sha huɗu ana shari'a.

Kotu ta sami Alhaji Sadiƙ da laifin kashe Malam Garba, ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Ya ɗaukaka ƙara, aka tabbatar da hukuncin. Shekararsa sittin da ɗaya ranar da aka shiga da shi gidan yari, kuma yana can.